Rediyo, waya da waƙa: kowa ya faɗi abin da ya gani da idonsa

Mai gabatar da shiri, Kano

Assalamu alaikum jama'a. Shekara goma sha ɗaya ke nan ina gabatar da shirin gaishe-gaishe da waƙoƙi a wata tashar FM mai zaman kanta, kuma akwai abin da ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Ina so in ji ko ni kaɗai nake ganinsa.

Da na fara aiki, duk ranar Alhamis sai ka tarar da samari sun yi cincirindo a bakin get, kowa riƙe da faifan CD da aka rubuta sunansa da maka a jiki. Wani tun daga Wudil, wani daga Bichi. Buƙatarsu ɗaya: a saka waƙarsu ko sau ɗaya ne, a ambaci sunansu. Akwai wani yaro da ya yi sati uku yana zarya, ranar da na saka tasa, mahaifiyarsa da kanta ta kira tana sa mini albarka.

Yau benci ne kawai a bakin get ɗin. Ni ce ma na koma bin su. Mai sauraro zai kira ya ce, “Anti, a saka mini waƙa kaza,” ni kuwa ko sunanta ban taɓa ji ba. Sai na duba TikTok in tarar ta fi kwana goma tana yawo, har an gaji da rawarta. Ga kuma waya da aka kafa mana a gaban makirfo saboda Facebook. Ido ɗaya a kan takardar gaisuwa, ɗaya a kan masu rubutu a ƙasan bidiyo. Wani lokacin da na saka waƙa sai Facebook ya ɗauke sautin saboda haƙƙin mallaka, masu kallo su yi ta rubuta “ba ma ji”, alhali na kan rediyo suna ji garau. Don Allah mawaƙa, ma'aikatan gidajen rediyo, 'yan kasuwa da masu sauraro, kowa ya faɗi yadda abin ya same shi.

Tsohon mai kaset, Ƙofar Wambai

Wa alaikumus salam Hajiya. Ni abin ya bi ta kaina hawa uku. Da kaset na fara a rumfar maigidana. Mawaƙi ya gama aiki a situdiyo, ya kawo wa dillali, a buga kwali, mu kuma mu raba. Ranar da sabon kaset ya fito, 'yan sari daga Maradi, Damagaram, Jos, har da masu kai wa Kamaru da Chadi, kafin azahar sun kwashe kwalaye. Kuma abin da ke kawo su, sun ji waƙar a rediyo. Shi ya sa dillali ba ya wasa da masu gabatar da shiri, shi ne ma yake aika faifan da ɗan abin goro.

Daga nan CD ya zo, muka bi. Sai wayoyi masu memori suka cika gari, na sayi kwamfuta na koma turi. Mutum ya miƙo memori, in cika masa da waƙoƙi da wa'azi da fim, ya biya ya tafi. Gaskiya a nan ne muka fara cutar mawaƙa, don sau ɗaya muke sayen waƙa mu tura wa mutum ɗari. Ba zan ɓoye ba, ina cikin waɗanda suka yi, kuma abin yana damuna har yanzu.

Abin da ya kashe turin shi ne data da Xender, manhajar tura abubuwa daga waya zuwa waya. Mutum ɗaya ya sauke waƙa, kafin a tashi daga majalisa kowa ya samu. Kwastomomina a yanzu mutanen ƙauye ne da suka shigo cin kasuwa, da direbobin manyan motoci masu doguwar tafiya inda sabis ke ɗaukewa, da mata a cikin gida da ke aiko yara da memori a ƙulle a leda. Su kuma ba su cika neman sabuwar waƙa ba. Tsofaffin waƙoƙin kalangu da kukuma suke so, da karatun malamai.

Mawaƙi, Titin Gidan Zoo

Anti, bari in faɗa miki gaskiya, kada ki ji haushi. Mun daina zuwa ne saboda wahalar ta yi yawa. Ni da kaina na kai faifai wata tasha sau huɗu, ana ce mini “an karɓa”, ba a taɓa sakawa ba, sai daga baya wani ya raɗa mini cewa ba na haɗawa da komai ne. Ina da kuɗin situdiyo da ƙyar, ina zan samu na goro?

Yanzu kuwa in na gama waƙa, sai in yanko daƙiƙa ashirin ko talatin, inda amshi ya fi daɗi, in ɗora a TikTok. In Allah ya sa wasu masu mabiya suka hau kanta, shi ke nan ta tafi. In ba su hau ba, sai ka biya su su hau. Kin ga goron bai mutu ba, hannun da ke karɓa ne ya canja. Bayan kwana biyu sai in saki cikakkiya a YouTube da Audiomack.

Amma kada wani ya yaudare ku da maganar dala. Kafin YouTube ya fara raba maka kuɗin talla sai ka tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin shekara guda. Na fi shekara kafin in kai. Da na kai ɗin ma, sai na gane kallon da aka yi daga Najeriya da Nijar kuɗin tallarsa kaɗan ne, ba kamar na wanda ya kalla daga Saudiyya ko Ingila ba. Abin da yake riƙe da mu har gobe shi ne waƙar biki, da ta 'yan siyasa in kaka ta zo, da gayyatar wasa. Intanet suna take ba ka, sunan ne kuma yake kawo mai biki.

Abin da ya fi ba ni tsoro shi ne yadda waƙar kanta ta canja. Wanda ya koya mini waƙa yakan buɗe da sunan Allah, ya yi salati, ya shimfiɗa baiti a hankali kafin ya kai ga inda yake so. Yau in ka yi haka, kafin ka gama buɗewa an wuce ka da yatsa. Mai kiɗa na ce maka, “Fara da amshi.” Akwai baitocin da na yi kwanaki ina sassaƙa, na san babu wanda ya taɓa jin su, don suna minti na huɗu.

Uwargida a Zangon Kumasi

Ni dai alheri na gani. An kawo ni Ghana aure shekara goma sha tara da suka wuce. A da, in ban da BBC da Muryar Jamus a gajeren zango, ba na jin Hausar gida sai wani ya zo da kaset. Yanzu ina tuƙa tuwo ina jin tashar garinmu kai tsaye a Facebook. Rasuwar malamin da ya yi mana saukar Alƙur'ani, a sanarwar rediyo na ji ta, tun kafin 'yan gidanmu su kira. Ƙanwata mai gabatarwa, ki riƙa karanta gaisuwarmu ta ƙasan bidiyo don Allah, mu ma masu sauraro ne.

Injiniyan tasha, Gusau

Duk wanda yake ganin rediyo ta gama yayi, da ya zo Zamfara a watan Satumbar 2021. Gwamnati ta sa aka rufe layukan waya gaba ɗaya saboda matsalar 'yan bindiga, aka kuma yi haka a wasu ƙananan hukumomin Katsina da Sakkwato da Kaduna. Babu kira, babu WhatsApp, babu turin kuɗi. Mutane sai sun yi tafiya zuwa Funtuwa kafin su kira 'yan'uwansu.

A makonnin nan na ga abin da rabona da shi tun ina sabon ma'aikaci. Mutane suka dawo da takarda a hannu: sanarwar rasuwa, ɗaurin aure, cigiyar yaro. Wani dattijo ya zo a kan babur daga wajen gari, ya ciro takarda daga aljihun 'yar shara, duk ta jiƙe da gumi, an rubuta da ajami. Ɗansa yake nema ya sani cewa mahaifiyarsa tana asibiti. Muka karanta sau uku. Masu sayar da batir da ƙananan rediyo sun yi ciniki a lokacin.

To amma ga inda gizo ke saƙar. Na'urar watsa shiri wuta take ci, wutar gwamnati kuma ba ta tsayawa, sai janareta. Dizal ya yi tashin gwauron zabo tun 2022, aka zo aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, komai ya ƙara hawa. Tashoshi da yawa sun rage awannin aiki. Akwai ranakun da za ka ga an kashe na'urar da rana, amma shiri na ci gaba a Facebook da 'yar sola da waya ɗaya, saboda ya fi arha. Wa aka yanke ke nan? Manomin da ya rataya rediyo a reshen bishiya, wanda ba shi da babbar waya, ba shi da kuɗin data. Mutumin da ya fi kowa buƙatarmu shi muke fara kashe wa. Wannan abu yana hana ni barci.

Ɗan rediyon karkara, jihar Damagaram

Malam injiniya, kamar a bakina ka ɗauka. Mu nan ma da aka yanke wutar da ke zo mana daga Najeriya bayan juyin mulkin Yulin 2023, tashoshi sun sha wuya ƙwarai.

Amma WhatsApp ya yi mana rana. A da wakilinmu na ƙauye sai ranar kasuwa yake zuwa da labari. Yanzu ya hau tudu inda rezo, wato sabis, ke kamawa, ya aiko murya, mu saka da yamma. Shirye-shiryen Studio Kalangou da ke zuwa daga Yamai ma saukewa ake yi. Makaɗan gurmi da na kalangu na yankinmu, waɗanda ba su taɓa shiga situdiyo ba, yaransu ke ɗaukar su da salula a wurin biki su aiko mana. Sautin ba shi da kyau, ana jin iska da kukan awaki, amma ranar da muka saka, garin nan kowa na bakin rediyo. Sai dai samarinmu waƙar Kano suke tambaya, wadda suka gani a TikTok.

Mai neman talla, Kaduna

Ni ɓangaren kuɗi nake. Mai shagon atamfa da a da yake sayen talla ta wata uku, yanzu sai ya ce mini ya ba wata mai mabiya a Instagram turmi biyu ta yi masa bidiyo, kuma yana ganin masu kira nan take. Me zan ce masa? Waɗanda suka rage mana su ne masu maganin gargajiya, makarantu in lokacin ɗaukar ɗalibai ya yi, da 'yan siyasa masu sayen fili. Kuma a Janairun 2025 hukumar sadarwa ta Najeriya, NCC, ta amince kamfanonin waya su ƙara kuɗin kira da data har kashi 50 cikin ɗari, sai masu kallonmu a Facebook suka koma leƙowa minti biyar su fita.

Dattijo mai sauraro, Zariya

'Ya'yana, ni tun zamanin katin zaɓi sonka na Rediyon Kaduna nake sauraro, har ƙungiyar masu sauraro muka yi. Ban yarda da ɗana mawaƙi gaba ɗaya ba. Ƙorafinka na goro gaskiya ne, kuma abin kunya ne ga masu yi. Amma a rediyo akwai mai tacewa. Akwai hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta NBC a sama, a Kano ga hukumar tace fina-finai, ga shugaban shirye-shirye da zai ce wannan baitin ba zai shiga gidan mutane ba. Jikata 'yar shekara shida ta rera mini wani amshi rannan, sai da na rufe mata baki da hannuna. Ba a rediyo ta ji shi ba.

Abin da nake roƙon masu gabatarwa shi ne kada ku zama 'yan amshin shatan waya. Na ji da kunnena an karanta labarin rasuwar wani bawan Allah a wata tasha, an ɗauko daga Facebook, alhali mutumin yana raye.

Mawaƙi, Titin Gidan Zoo

Baba, na karɓi gyara. Akwai abin da ake saki da ni ma ba zan so ƙannena su ji ba. Amma da tashoshi za su ware ko awa ɗaya a mako su saka waƙa cikakkiya, daga farko har ƙarshe, ba tare da an nemi ko sisi ba, wallahi da ƙafata zan kawo tawa.

Mai gabatar da shiri, Kano

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Baba, maganar labarin rasuwar nan ta taɓa ni, don mu ma an taɓa yin irinta, sai da muka fito muka ba da haƙuri. Yaya ta Kumasi, in sha Allah daga wannan makon zan ware minti goma na gaisuwar mutanenmu na waje.

Ƙanena mawaƙi, na yi magana da shugaban shirye-shiryenmu ɗazu bayan la'asar. Ya amince a gwada rabin awa ranar Asabar da daddare, waƙa uku cikakku, kyauta, amma sai ya saurare su tukuna. Ka turo wadda ka ce baitocinta suna minti na huɗu. Malam na Damagaram, kai ma ka turo mini ta mai gurmin nan, ko da kukan awakin a ciki.