Wai mene ne "cikakken wasa" a besbol, har ƙanena ya tashe ni kafin asuba?

Ɗan Nima Tela:

Assalamu alaikum 'yan uwa. Tambayata ga waɗanda suka zauna Amurka ce. Ƙanena yana tuƙin tasi a Bronx, cikin birnin New York, shekara tara ke nan. Babbar Sallar 2023, na yi mako biyu ina kwana kan keke saboda ɗinkin mutane, ga aikin nama ranar Sallah, na kwanta kamar an yi mini duka. Wajen ƙarfe huɗu na dare sai waya ta yi ƙara. Da na ga lambarsa gabana ya faɗi, matata ma ta tashi zaune tana salati. Ina ɗauka na ji shi yana ihu: "Yaya, Germán ya yi cikakken wasa! Ashirin da bakwai, ko ɗaya bai wuce ba!" Na ce lafiyarka ƙalau? Ya ce ƙalau. Na kashe waya da fushi.

Yanzu zai zo gida ƙarshen shekara, ya ce ya ajiye bidiyon wasan mu kalla tare. Ba na so in zauna gefensa ina gyaɗa kai ban san abin da ake yi ba. Ni Hearts of Oak na sani, kuma golan da ya gama wasa ba a ci shi ba ai kullum muna gani. Me ya sa wannan ya zama abin tashin mutum daga barci?

Alhaji Baban Asabe, Aboabo:

Wa alaikumus salam, ɗana. Ka yafe wa ƙanenka, da ni ne ma sai na kira.

Ga yadda abin yake. Wasan zagaye tara ne. A kowane zagaye mai jifa da abokansa takwas sai sun fitar da masu bugu uku. Uku sau tara, 27. Cikakken wasa shi ne mutum 27 su zo da sandarsu, 27 su koma su zauna, babu wanda ya taka ko tashar farko, wato wurin farko da mai bugu zai ruga ya taka a hanyarsa ta cin maki. Ba ta bugun ƙwallo ba, ba ta mai jifa ya yi jifa huɗu a karkace ba, ba ta ƙwallon ta sami jikin mai bugu ba, ba ta wani ya saki ƙwallo daga hannunsa ba. Golan da kake magana ai ana kai masa hari yana tarewa. Wannan kuwa ka ɗauka a ce an yi minti casa'in abokan karawa ba su tsallaka tsakiyar fili ba ko sau ɗaya.

Tun 1880, lokacin da Lee Richmond ya yi na farko, na Domingo Germán ɗin nan, mai jifan ƙungiyar Yankees ta Bronx a lokacin, shi ne na 24 a babbar gasar Amurka. Kuma ka tuna kowace ƙungiya wasa 162 take bugawa a shekara. Daga 1922 sai da aka yi shekara 34 ba a ga ko ɗaya ba, har Don Larsen ya yi nasa a 1956, a World Series ma kuwa, wato wasannin ƙarshe na cin kofin gasar. Babu mai jifan da ya taɓa yi sau biyu.

Ni na Yulin 1999 na shaida, da kunne. Ina aiki a wurin ajiye motoci kusa da filin Yankees, ranar Lahadi, zafi kamar Kumasi a watan Maris. David Cone ne ke jifa, suna karawa da Montreal. Har ruwa ya tsayar da wasa kamar rabin awa. Muna da ƙaramar rediyo a rumfar karɓar kuɗi. Daga zagaye na bakwai abokin aikina, mutumin Dominika, ya daina magana. Na ce ashe har yanzu ba wanda ya wuce, sai ya toshe mini baki da hannunsa. Al'adarsu ce, ba a faɗa. Ko 'yan wasan ma ƙaurace wa mai jifan suke yi a benci, ya zauna shi kaɗai. Da aka cafe ƙwallon ƙarshe, ihun da ya fito daga filin nan sai da na ji shi a ƙirjina. Jifa 88 kacal Cone ya yi. Abin da har yau yake ba ni mamaki, Larsen ɗin nan na 1956 yana cikin filin, shi ya yi jifan buɗe taro a ranar.

Malama Zulai, Mamobi:

Baba Alhaji, ka bar wanda ya fi ci mini rai. Armando Galarraga na Detroit, Yunin 2010. Ya fitar da 26. Na 27 ya buga ƙwallon ƙasa, aka jefo wa Galarraga a tashar farko, ƙafarsa ta riga ta mai gudu, kowa ya gani. Alƙalin wasa Jim Joyce ya buɗe hannuwa, wai mai gudu ya tsira. Mijina ne ya nuna mini bidiyon, na kalla ya fi sau goma. Yaron nan murmushi kawai ya yi, ya koma ya fitar da na gaba. Joyce ya ga hoton daga baya, ya amsa laifinsa, ya je ya nemi gafara, washegari ya shigo fili yana hawaye. Duk da haka ba a sa sunan Galarraga cikin jerin ba. A ganina zalunci ne. Shi ai 28 ya fitar.

Ɗan Nima Tela:

Allah ya saka da alheri, Baba. Malama, na gode. To ashe ba aikin mai jifa kaɗai ba ne. Kamar babbar riga ce: ni na yanka, amma in mai aikin wuya ya karkace allura sau ɗaya, rigar ta tashi daga ta fita kunya, kuma sunana za a kira.

Alhaji Baban Asabe, Aboabo:

Haka yake, ɗana. Harvey Haddix na Pittsburgh a 1959 zagaye goma sha biyu ya yi ba wanda ya wuce, mutum 36, amma 'yan ƙungiyarsa sun kasa ci masa ko ɗaya. A na sha uku mai tsaron tasha ta uku ya yi jifan kuskure, ƙarshe aka cinye su. Shi ma ba ya cikin lissafi.

Yanzu kuma masu horarwa ƙirga jifa suke yi don gudun ciwon hannu. A 2022 Clayton Kershaw ya yi zagaye bakwai tsaf, jifa 80, aka cire shi. Na fahimci dalilinsu, amma raina bai so ba. In ƙanenka ya sa bidiyon, kada ka zuba wa Germán ido shi kaɗai. Ka riƙa kallon waɗanda ke bayansa daga zagaye na bakwai, ka ga yadda suke ɗaukar ƙwallo da hannu biyu. Kuma ko da kun san yadda aka ƙare, kada ka yi masa magana sai an fitar da na 27.