Makonnin farko a Jamus: a ina sabon zuwa ke tuntuɓe?

Mazaunin Hambug: Salamu alaikum 'yan'uwa. Kowa ya kawo abin da ya gani da idonsa. Ni bari in fara da rajistar adireshi, wadda suke kira Anmeldung. Doka ta ba ka kwana 14 daga ranar da ka tare. Ka je ofishin gari da fasfo da takardar da mai gida ya sa wa hannu cewa lallai ka tare. Yarjejeniyar haya kaɗai ba ta wadatar ba, a nan ake koro mutane da yawa. Bayan rajista ne lambar haraji ke zuwa ta gidan waya, kuma muddin ba ka miƙa ta a wurin aiki ba, haraji mafi tsada za a riƙa yankar maka.

Mazauniyar Kolon: Wa alaikumus salam. Malam, ƙara da wannan: a manna sunan mahaifi, yadda yake a fasfo, a jikin akwatin wasiƙa tun ranar farko. Mai raba wasiƙa suna yake bi. In bai gani ba, katin banki da na inshorar lafiya duk komawa suke.

Mazaunin Munik: Gaskiyar Hajiya ce. Haya kuma iri biyu ake rubutawa. Akwai ta "sanyi", kuɗin ɗaki zalla, akwai ta "ɗumi", wadda ta haɗa ruwa da shara da ɗumama gida. Wutar lantarki galibi daban take. Kuɗin ajiya da ake ba mai gida ba ya wuce hayar sanyi ta wata uku, kuma kana da ikon biya kashi uku. Inda ake kuka shi ne lissafin shekara, don abin da kake biya duk wata ƙiyasi ne. Wanda ya ƙure na'urar ɗumama ɗaki tun daga Nuwamba har Maris, ciko na jiransa. Wanda kuma ya kulle tagogi ruf don tsoron sanyi, danshi zai sa bango ya yi baƙin fumfuna, a ci kuɗin ajiyarsa. A buɗe taga gaba ɗaya minti biyar zuwa goma, safe da yamma.

Mazaunin Balin: Wasiƙar kuɗin rediyo da talabijin ba damfara ba ce. Yuro 18.36 ne a wata kan kowane gida, ko ba ka da talabijin. In kuna zaman haɗaka, mutum ɗaya ke biya.

Mazauniyar Kolon: Kuma a yi cefane ranar Asabar! Lahadi kantuna a rufe suke, sai na manyan tashoshin jirgin ƙasa da gidajen mai. Naman halal, a nemi shagunan Turkawa. Robar ruwa kada a murƙushe ta, santi 25 ake mayar maka in ka sa ta a injin kanti, amma injin ba ya karɓar wadda lambarta ta lalace.

Mazaunin Hambug: Saura Deutschlandticket, tikitin sufuri na wata-wata. Yana shiga bas da jiragen ƙasa na yanki a duk jihohi 16, ban da na dogon zango, wato ICE da IC. Da kansa yake sabuntawa, mai son dainawa ya soke kafin 10 ga wata ta wuce.