Shin duk mai cutar MDS (cutar da ɓargo ke gaza samar da lafiyayyun ƙwayoyin jini) da feritin ɗinsa, wato awon ƙarfen da jiki ya tara, ya haura 1000 ne za a fara wa maganin rage ƙarfe?

Dakta Bashir: Ni dai matsayina a fara. Ledar jini ɗaya tana ɗauke da ƙarfe miligiram 200 zuwa 250, jiki kuwa bai fi 1 zuwa 2 yake zubarwa a rana ba. Wanda ɓargonsa ya gaza har aka ƙara masa leda 20, ya tara kusan giram 4 zuwa 5, kuma hanta da zuciya ne ke ɗaukar nauyin.

Dakta Halima: Lissafinka daidai ne, Dakta, amma kalmar "duk" ce ban yarda da ita ba. Ƙarfe shekaru yake yi kafin ya lalata zuciya. Yawancin masu wannan cuta suna wajen shekara 70, kuma wanda tasa mai tsananin haɗari ce, sankarar jini ko kamuwa da ƙwayoyin cuta za su riga ƙarfen yi masa illa. Takardar bayanin deferasirox, maganin rage ƙarfen, ma ta hana ba irinsu. Sannan feritin kan hau saboda kumburi ko ciwon hanta, don haka awo ɗaya ba hujja ba ce. A maimaita, in da hali a yi MRI na hanta.

Dakta Bashir: To, binciken TELESTO fa? Mutum 225 masu ƙarancin haɗari, an wallafa a 2020. Waɗanda suka sha deferasirox sun kai kusan shekara 3.9 kafin mutuwa, matsalar zuciya ko hanta, ko rikiɗewa zuwa sankara. Ɗaya rukunin, da aka ba ƙwayar da ba magani a ciki, shekara 3.

Dakta Halima: Mutum 630 aka tsara ɗauka, ba a samu ba, aka rage. Kuma bai nuna ƙarin tsawon rai a fili ba. Ya isa hujja ga mai ƙarancin haɗari da ake sa ran zai daɗe, ko wanda ake shirya wa dashen ɓargo. Iyakarsa ke nan.

Malam Sani: Likitoci, ku bar mai harhaɗa magani ya sa baki, don a ƙoda ake yin ɓarnar. Ba a ba da deferasirox ga wanda awon tacewar ƙodarsa ya gaza 40, ko ƙwayoyin daskarar da jininsa suka gaza dubu 50, saboda zubar jini a ciki. Deferasirox iri biyu ne: Jadenu ana farawa da miligiram 14 a kowane kilo na nauyin jiki, Exjade mai narkewa a ruwa kuwa 20. Rikita su kuskure ne mai haɗari. A auna kiriyatinin, mai nuna aikin ƙoda, sau biyu kafin farawa. In ya ƙaru da fiye da kashi 33 cikin ɗari a awo biyu jere, a rage maganin. Dattijo ya fara gudawa ko amai, a dakatar har ruwan jikinsa ya dawo.

Dakta Bashir: In ƙodar ta hana, wani maganin rage ƙarfen, deferiprone, fa?

Malam Sani: Yana iya rage fararen ƙwayoyin jini sosai, ga ɓargo da ma ya raunana. Gara deferoxamine ta ƙarƙashin fata, awa 8 zuwa 12, dare biyar zuwa bakwai a mako, tare da duba ji da gani. Shi ma ba a ba wanda ƙodarsa ta lalace sosai.