Gidan Waziri a daular da ba ta faɗi ba

Wani matashi a Mai Wurno, kusa da Sinnar a ƙasar Sudan, yana rubuta ƙagaggen labari: a ce Turawa ba su ci Sakkwato a 1903 ba, Sarkin Musulmi Attahiru bai kwanta dama a Burmi ba, daular tana nan har yau. Jigon labarin gidan Waziri ne. Ya kai maganar majalisar dattawa bayan la'asar, ga abin da suka ce masa.

Mafi yawansu sun tsaya a kan tushen sarautar. Gidadawa sun gaje ta daga Gidado ɗan Laima, wazirin Muhammadu Bello kuma mijin Nana Asma'u, saboda haka ƙarfin gidan a ilimi da surukuta yake. A zamanin daular, Waziri ne ke riƙe da wasiƙun Kano da Zazzau, yana kuma da baki a naɗin sarakunansu. Wani malami ya ce, "Ɗana, ka ba shi alƙalami da hatimi, ka bar takobi ga Sarkin Yaƙi." A ganina wannan ce shawarar da ta fi nauyi.

An kuma ce kada gadon ya tafi sumul daga uba zuwa ɗan fari. Ƙanne da 'yan baffa su nema, masu zaɓe su rabu, mata na cikin gida su sa hannu ta bayan labule.

Wani tsoho kuwa dariya ya yi: in babu hijirar da mutanen Attahiru suka yi zuwa Sudan bayan yaƙin Burmi, ai babu Mai Wurno. Ya ce sai dai matashin ya nema wa kakanninmu wata hanyar zuwa Sudan, ta aikin hajji ko ta fatauci.