Wai POST kaɗai ya isa ya hana suna shiga sau biyu?

Ɗan Marwa: Salamu alaikum. Fom ɗin rajista na yi wa wata makarantar ɗinki, sai ga yarinya ɗaya ta fito sau uku a rumbun bayanai, kowane layi da bashin sefa dubu biyar. Kuma cikin hanyoyi biyun da fom ɗin intanet ke aika bayanai, GET da POST, da POST na yi. Ni a sanina, wanda ya bar GET ya koma POST ya rabu da wannan matsalar.

Malamin Garwa: Wa alaikumus salam. Da sauranka, ƙanena. POST ya cire bayanan daga adireshi ya sa su a jikin saƙo, iyakarsa ke nan. In shafin "an karɓa" shi ne amsar POST ɗin kai tsaye, duk wanda ya sabunta shi burauza za ta tambaye shi ko ta sake aikawa, shi kuwa ya danna "to" bai karanta ba. Kana gama adanawa, tura mai cika fom ɗin wani adireshi da 303, wato lambar amsa da sabar ke ba burauza don ta koma can, ya buɗe shi da GET. Daga nan ko sau ɗari ya sabunta.

Ɗan Marwa: Malam, ai Location, umarnin turawa a yaren PHP, 302 yake bayarwa in ba ka faɗi lamba ba, kuma kowa da shi yake aiki.

Malamin Garwa: Yana aiki don burauzoji sun saba mayar da POST ya zama GET a kan 302, ba don haka aka tsara shi tun farko ba. Ruɗanin nan ne ya sa HTTP/1.1, tsarin da burauza da sabar ke magana da shi, ya zo da 303, a 1999 kuma aka ƙara 307 mai sake aika POST ɗin da kayansa duka. Kada ka kusanci 307 a nan. Kuma ka sa exit, umarnin tsayawa, bayan Location, in ba haka ba sauran layukan umarninka za su ci gaba da gudu.

Ɗalibar Ngaundere: Malam, a gafarce ni, amma ban ga 303 zai warkar da wannan ba. Da irin intanet ɗinmu, mutum ya danna "aika", shiru, ya sake dannawa, ya sake. Saƙo uku sun isa sabar kafin amsar farko ta dawo. Turawar taka ba ta ma iso ba. Yaya, ka ɓoye wata lamba a cikin fom ɗin mai aiki sau ɗaya tak, sabar ta ƙi duk wanda ya sake zuwa da ita.

Na Kusiri: Ni fa 301, lambar turawa ta dindindin, na taɓa sawa bisa kuskure, burauza ta riƙe shi, na kwana biyu ina gyaran abin da na riga na gyara.

Ɗalibar Ngaundere: Allah ya kyauta. Yaya, duba mana lokacin da layukan ukun suka shiga.

Ɗan Marwa: Na duba. Duka ukun cikin daƙiƙa shida.

Malamin Garwa: To, ɗiyata ta yi gaskiya a wannan. Amma 303 ɗin ma ka sa, mai sabunta shafi yana nan tafe.

Ɗan Marwa: Zan sa duka biyu. Bari in fara goge layi biyun nan kafin a kira uwar yarinyar a ce ta biya dubu goma sha biyar.