Finafinan soyayyar 'yan makaranta masu tafiyar hawainiya, da wa suka dace?

Maman Ilham, Tumfure:
Salam 'yan uwa, shawara nake nema dan Allah. Ƙanwata ce ta zo min hutu nan Gombe, shekararta 15 yanzu za ta shiga SS1, tunda ta zo ta addabe ni sai na ba ta wayata ta kalli irin finafinan nan na yara masu tasowa da suka fara son juna a makaranta, ba faɗa ba harbi, sai kallon-kallo da rakiya bayan an tashi, a yi minti biyar ba wanda ya ce uffan. Ni kam ina son su, amma da na kunna wa Abban Ilham ɗaya ko rabi ba a kai ba ya fara minshari. To na yara ne ko na manya? In bar ta?

Anty Balki, Pantami:
Ƙanwata ni a ganina namu ne, mu da muka wuce wurin. Shirun nan da ake yi ke kin san me ke cikinsa, kin taɓa ɓoye wasiƙa a littafin lissafi, shi ya sa yake ratsa ki. Ita kuwa yanzu take ciki, ba tuna baya za ta yi ba, darasi za ta ɗauka. Ki fara kalla ke kaɗai har ƙarshe tukuna, musamman na Turai da Amurka, ana tafiya salin alin sai kawai a jefo abin da za ki rasa inda za ki sa fuskarki.

Baban Sadik:
Hajiya kar ki ga laifin maigida wlh, mutum ya wuni a kasuwa ya dawo a gajiye a kunna masa fim ana kallon ruwan sama, ai dole.

Ummu Hanan, Bolari:
Ki nemo mata Mansoor na Ali Nuhu, 2017, Umar M Shareef da Maryam Yahaya, a makaranta labarin ya faro kuma da Hausa ne, kunyarmu ce a ciki. Amma fa ku kalla tare. Mu ma ai mun kalli Kuch Kuch Hota Hai muna yara, awa uku cur, sai dai a falo ne da kowa da kowa, in aka zo waƙa Inna ta aike mu ɗebo ruwa. Waya a ɗaki da daddare ita ce matsalar ba fim ɗin ba.

Sadiya 'yar Jekadafari:
Hhh Anty kar ki wahalar da kanki, yaran TikTok ne fa, minti ashirin za ta ce ya ishe ta.

Maman Ilham, Tumfure:
Na gode, gobe zan aika wajen mai turi ya sa min a memori, a talabijin za mu kalla. Abban Ilham kuma na bar shi da ƙwallonsa.