Baƙar robar nan da ake bugawa a kan ƙanƙara, wane suna za mu ba ta?

Assalamu alaikum jama'a. Ƙara na kawo, kuma ƙarar kalma ce.

Da safiyar 7 ga Afrilun 2025 aka miƙo mini wani labari in mayar da shi Hausa kafin lokacin labarin wasanni. Alexander Ovechkin, ɗan Rasha da ke yi wa Washington Capitals wasa, ya ci na 895 kwana ɗaya kafin nan a wasan da Turawa ke kira ice hockey, ya goge tarihin Wayne Gretzky na 894 wanda aka daɗe ana rantsuwa ba mai kamo shi. Lissafin bai dame ni ba. Abin da ya tsaya mini a maƙogwaro shi ne abin da mutumin ya jefa a ragar. Turawa na ce masa puck. Na rubuta ƙwallo na soke, na rubuta faifai na soke, da lokaci ya ƙure sai na zille na ce "ya zura a raga sau 895". Me ya zura? Oho.

Ƙanena da ke karatu a Calgary ta Kanada ya aiko mini da guda ɗaya, ga ta nan a kan teburina. Baƙa ce wuluk, ta roba mai tauri kamar an yanko daga tayar tirela. Faɗinta kamar bakin gwangwanin madara, inci 3, kaurinta inci 1, nauyinta bai wuce giram 170 ba. Sama da ƙasa a shafe, gefenta da ɗan kaushi. In ka sake ta a siminti ba ta tsalle irin na ƙwallo, sai dai ta ce tim ta kwanta.

Kafin wani ya ce mu ari kalmar yadda muka ari raga da gola da fenareti: na gwada. Bakinmu ba ya riƙe harafin farkon nan, fa yake mayar da shi. Ku furta da kanku a hankali, ku ji abin da kunnen mai jin Turanci zai ji. Ba zan karanta wannan a rediyo iyaye na saurare ba.

To malamai, bismillah.

Malamin makaranta, Katsina:
Wa alaikumus salam. Malam, ai ka riga ka samu ka yar. Faifai ne. Duk masu wasan nan da siffarta suka kira ta. Faransawan Kanada na cewa rondelle, wato 'yar kewayayya. Rashawa na cewa shaiba, sunan wasar da bakanike ke sa wa noti. Mutanen Finland kuwa wasan gaba ɗaya sunansa faifan ƙanƙara a harshensu. Mu ma ba yau muka fara ba faifai sabon aiki ba: daga rufe ƙwarya ya koma garmaho, daga garmaho ya koma sidi. Aiki ɗaya ne zai gagare shi?

Allah ya gafarta Malam, hujjar ta yi, amma ɗora ta a jimla ka ji. "Ovechkin ya ci faifai 895." "Mai tsaron raga ya kama faifai." Wanda ya ji na farko zai zaci mawaƙi ne, na biyu kuma zai ce an kama wani da faifan bidiyo. Kalmar ta riga ta yi aure a wani gidan. Ban da haka faifai abu ne mai faɗi, siriri, marar nauyi, iska ma na ɗaukar sa. Wannan kuwa jifa ɗaya za ta fasa goshi.

Wata 'yar'uwa, Winnipeg:
Yaya, gaskiyarka kan fasa goshi. Yarona na biyu yana buga wasan a unguwa, ni ke wanke kayan, na san abin da nake faɗa. A manyan wasanni sai an sa ta a firiza ta daskare kafin a fito da ita, don kada ta riƙa tsalle. Manyan 'yan wasa na buga ta ta wuce kilomita 160 a awa. Kuma har ƙarshen shekarun 1950 masu tsaron raga da fuska a buɗe suke tsayawa gabanta, ka ji ƙarfin hali. Ranar 1 ga Nuwamban 1959 a New York, Andy Bathgate ya buga ta ta tsaga fuskar Jacques Plante, golan Montreal Canadiens. Aka fita da shi aka ɗinke. Ya ce shi fa ba zai koma ba sai da abin rufe fuskar da yake sawa wajen atisaye. Kocinsa Toe Blake ba ya so, amma babu wani gola a ajiye, dole ya haƙura. Suka ci wasan 3 da 1. Daga nan sauran suka fara bi sannu a hankali. Ni dai a gida waina muke ce mata, amma na san ba za ka kai wannan rediyo ba.

Hajiya, wainar da ke zubar da haƙora ai sai ku. Wasu ma sun turo mini marfi, kwabo, ƙuli-ƙuli, har da mai cewa dutsen guga. Na gode, duk na ajiye su a gefe.

Dattijo, Damagaram:
Yaro, na karanta duka, sai nake ta dariya ni kaɗai. Kun ƙi ƙwallo don kun ce abin nan ba mulmulalle ba ne. Wa ya gaya muku ƙwallo mulmulalle ne? Ka sha mangwaro ka duba abin da ya rage a hannunka. Me sunansa? Ƙwallo. A shafe yake ko a dunƙule? Ka ci dabino, abin da ka tofar dogo ne siriri da tsaga a ciki, shi ma ƙwallo. Na goruba, na giginya, na kanya, kowanne da kamarsa, suna ɗaya. Ƙwallo a bakin kakanninmu shi ne abu mai tauri da ke cikin ɗan itace. Muna yara ƙwallon goruba muke kora da karkatacciyar sanda a bayan gari, ƙafa ba takalmi, ƙwauri duk tabo. Da Bature ya zo da tasa mai iska a ciki, sunan abin wasanmu muka ara mata. Ita ce baƙuwa a sunan, ba mangwaro ba. Yanzu kun bar baƙuwa ta kori 'yan gida, har kuna cewa abin da bai yi kama da ita ba bai isa a kira shi ƙwallo ba. Abin nan naku mai tauri ne, ba iska a cikinsa, da sanda ake korar sa. Ya fi ta Bature cancanta.

Baba, na miƙe tsaye. Na ɗauko ta na sake dubawa, wallahi da ƙwallon mangwaro ta fi kama fiye da faifan kakata.

Kuma tarihin wasan yana bayanka. Ranar 3 ga Maris 1875, da aka yi wasan farko da aka tsara a cikin rufaffen ɗaki, a Victoria Skating Rink da ke Montreal, da ƙwallo mulmulalle aka saba yi a waje. Tsoron kada ya tashi ya sami 'yan kallo ya sa aka kawo guntun katako mai shafaffen ciki aka buga. Ke nan ba wani sabon abu aka ƙirƙira ba, ƙwallon ne aka danne shi don ya zauna a ƙasa. Roba daga baya ta zo. Kuma jimlolin da suka ƙi faifai duk sun karɓe shi ba gardama: ya ci ƙwallo, ya ba da ƙwallo aka ci, gola ya tare ƙwallo. Gretzky ya ci ƙwallo 894, ya ba da 1,963 aka ci, kuma waɗanda ya bayar ɗin kaɗai sun fi jimillar ci da bayarwar kowane ɗan wasa a tarihin NHL, babbar gasar wasan ta Amurka da Kanada. Kun ji yadda ta zauna a baki?

Inda ake bukatar a bambanta, misali ana bayyana wa wanda bai taɓa gani ba, sai a ce shafaffen ƙwallo, ko ƙwallon roba. Sau ɗaya a farkon labari ya isa.

Malamin makaranta, Katsina:
Na sallama wa Baba, ba na jayayya da furfura. To sunan wasan fa? Don na ga Malam yana neman ya ce ƙwallon ƙanƙara. Ka faɗi haka a jiharmu, za a tambaye ka ko 'yan Ƙanƙara ne suka buga da Malumfashi.

Hahaha, Malam ka rama. Amma akwai gyara a nan da ya fi wannan. Na sha jin ana cewa wasan da ake yi a kan dusar ƙanƙara. Kuskure ne. Dusa ita ce mai laushin da ke zubowa daga sama, ba a wannan wasa a kanta. Daskararren ruwa ne sumul kamar madubi, ƙanƙara zalla. Cikakken suna dai ƙwallon gora na ƙanƙara, tunda ƙwallon gora mun riga mun san shi a fili. A kanun labari a faɗi cikakken, a cikin labari a gajarta. Takalmin mai wuƙa a ƙasa, takalmin zamiya. Abin bugun kuma sanda ya fi gora, don na yanzu ba na itace ba ne ma.

Wani ɗalibi, Zariya:
Malam, da girmamawa, wannan duk wahalar ta mece ce? Wasan da ko a mafarki ba za mu yi ba, ƙanƙarar da muka sani ta cikin zoɓo ce.

Ƙanena, daga Zariya kake wannan magana? Ɗan wasan farko haifaffen Najeriya da ya buga a NHL, Rumun Ndur, a garinku aka haife shi a 1975. A Kanada ya girma, ya yi wa Buffalo da New York Rangers da Atlanta wasa a matsayin mai tsaron baya. Ga Jarome Iginla, wanda mahaifinsa Bayarabe ne, sunan ma babban itace yake nufi. Shekaru yana kyaftin ɗin Calgary Flames, ya ci ƙwallo 625, ya ɗauki zinaren Olamfik sau biyu da Kanada, a 2002 da 2010. Kofin Stanley, wanda zakarun NHL ke ɗauka, shi ne kawai ya ƙi shi: a 2004 sun kai wasa na bakwai na ƙarshe, Tampa Bay ta ɗauke. Sannan a 2022 Nazem Kadri ya ci kofin da Colorado Avalanche, Musulmi na farko da ya yi haka, kuma da ranarsa ta riƙe kofin ta zo ya kai shi masallacin garinsu, London ta jihar Ontario. Irin wannan labari in ya zo, da wane baki za mu ba da shi?

Tunda na ambaci ranarsa, bari in ɗan tsaya kan kofin nan, don shi ma wani ya tambaye ni ko kofi ne ko tasa. Asalinsa tasa ce ta azurfa. Lord Stanley, Gwamna Janar na Kanada, ya saye ta a kan gini 10, tsohon kuɗin Ingila, ya bayar a 1892, aka fara ba wata ƙungiyar Montreal a 1893, tun NHL ba ta zo duniya ba, don ita sai a 1917 aka kafa ta. Abin da ya mayar da tasa ta zama doguwa kamar turmi shi ne sunaye. Duk ƙungiyar da ta ci, ana sassaƙa sunayen 'yan wasanta a jiki, wuri ya cika a ƙara zobe a ƙasa. Yanzu ya haura kilo 15. In zoben ƙasa ya cika sai a cire mafi tsufa a kai gidan tarihin wasan da ke Toronto. Ba a ƙera sabo kowace shekara, shi ɗin ne dai ke yawo, kuma kowane ɗan wasa ana ba shi kwana ɗaya ya kai shi garinsu. Masu sassaƙar ma 'yan Adam ne: a na 1972 an rubuta sunan Boston da harafin Q a gurbin O, yana nan. Mu masu gyaran rubutu wannan na sanyaya mana zuciya.

Montreal Canadiens ta ɗauka sau 24, na ƙarshe a 1993. Henri Richard shi kaɗai sau 11 yana ɗan wasanta. Toronto Maple Leafs na da 13, amma rabonta da shi tun 1967, shekarar da gasar ta tashi daga ƙungiyoyi 6 zuwa 12. Yau 32 ne. Magoya bayan da ke kukan shekara goma ba kofi su je Toronto su ga haƙuri. Sau biyu aka wayi gari ba wanda ya ɗauka: 1919, da annobar mura ta kwantar da 'yan Montreal ana tsakiyar wasan ƙarshe da Seattle har Joe Hall ya rasu, da 2005, da rikicin albashi ya cinye kakar gaba ɗaya. Sunansa dai Kofin Stanley. Kofi ya daɗe da zama abin da ake ɗagawa sama a Hausa, ko da kamarsa ta daro ce.

Ga yadda zan karanta in an sake miƙo mini: "A wasan ƙwallon gora na ƙanƙara, Alexander Ovechkin ya ci ƙwallonsa ta 895, a wasansa na 1,487, daidai adadin wasannin da Gretzky ya buga."

Wata 'yar'uwa, Winnipeg:
Ta zauna, Yaya. Saura ɗaya. Wanda ya yi laifi a wasan nan ba kati ake ba shi ba, wani ɗan akurki ake kai shi a gefen fili ya zauna minti 2, ko 5 in laifin babba ne, 'yan ƙungiyarsa su ci gaba da mutum ɗaya a rage. Wannan ɗakin fa?

Malamin makaranta, Katsina:
Bayan kanta.

Dattijo, Damagaram:
A'a, turu. Ku bari in yi sallar la'asar in dawo in gaya muku dalili.